Ƙarar Mai Tari

Kpakungu, Minna
Bayan Babbar Sallah

Zuwa ga Husna, jikar ɗan'uwana Ndaman,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zaman Abuja? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da kika sani. Nnarki, wato matata Zuliha, tana nan tana gaishe ki. Damina ta sauka da ƙarfi, ruwa ya cika dam ɗin Tagwai, masunta na ta kukan kifi ya yi ƙasa, ni kuma da nake sarowa a hannunsu ni ke shan tsadar.

Ni Ndaceko nake faɗa, maƙwabcina Andrawus yake rubutawa, tunda shi ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane boko. Na ce masa abin da ya fito daga bakina ya sa shi yadda yake, kada ya wanke mini shi. Waya kuwa kada ki wahalar da kanki, tana cikin dam tun azumi, ban kuma yi kewarta ba. Maganar waya iska ce. Takarda ko mutum ya mutu tana nan. Yona direba zai kawo miki wannan, shi za ki ba amsa.

To, mutanenki sun zo. Sun hau rufina ba sallama, sun shimfiɗa faifan sola biyu, sun kafa wani farin akwati a bangon zaure suka ce caja ce, a nan sabon babur zai riƙa shan wutarsa. Babur ɗin ma ga shi, fari fat kamar ba zai taɓa ganin kifi ba. Sun ce ke kika sa sunana a shirin rangwame na kamfaninku, an yafe fiye da rabin kuɗin, kin cika sauran, caja da sola kuma kyauta. Na gode. Ba za a ce Ndaceko bai iya godiya ba.

Amma da za su tafi sai na ga sun ɗora Mai Tari a bayan motarsu. Na ce ina za ku da babur ɗina? Wani mai gemu kamar na bunsuru ya buɗe takarda ya nuna mini babban yatsana. Na dangwala, ban musa ba. Sai dai ke da kika zo gaisuwar Sallah cewa kika yi, Baba dangwala nan a kawo maka sabo. Ban ji inda kika ce dangwala nan a tafi da tsoho ba. Haka kakanki Ndaman ya yi mini da gonar fadamarmu ta Bida. Dangwala nan, Ndaceko. Na dangwala, yau shinkafar wasu ce a ciki. Ashe abin a jini yake.

Mai Tari ya girme ki. A kansa na kai ubanki asibiti ranar da ya faɗo daga mangwaro, ko bai gaya miki ba? Wannan naku kuwa ba shi da murya. Yana tafiya kamar ɓarawo. Jiya na shiga Dutsen Kura da kwando biyu, matan da nake kai wa kifi ba wadda ta leƙo, don ba su ji zuwana ba, sai da na bi gida gida ina sallama kamar mai roƙo. Akuya ma ba ta ba ni hanya. Mutum da girmansa ya riƙa sulalewa cikin unguwa ba wanda ya san ya wuce?

Don haka ki sa su zo su kwashe kayansu, da akwatin da faifan da farin, su mayar mini da nawa. Ba fushi nake ba. Abin nawa nake so.

Babanki,
Ndaceko


Abuja

Baba Ndaceko,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na karanta ina dariya ni kaɗai har abokan aikina suna tambaya ko albashi aka ƙara. Ya gwiwa? Ya Nna? Ranar da na zo ban gan ta sosai ba, ka ce tana hutawa. Ka gaishe ta ƙwarai.

Baba, wallahi na faɗa maka za a karɓi tsohon. Sau biyu na faɗa. Kana ta ba ni labarin gonar Bida kana cewa to, to. Sharaɗin ke nan tun farko: masu ba da tallafin suna so a rage baburan da ke hayaƙi, don haka duk sabon da ya fita sai tsoho ɗaya ya bar titi. Ba don haka ba, ba mai yafe maka ko kwabo. Mai Tari yana wani fili a bayan gari tare da 'yan uwansa, sai sun taru da yawa ake niƙe su a kai wa masu narka ƙarfe.

Kai da bakinka ka ce mini tun da aka cire tallafin mai rabin ribar kifinka a gidan mai take kwana. Yanzu rana ce za ta cika maka tanki, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Ba sauran taka kik da wannan gwiwar. Ba sauran zaman garejin Zikrullahi. Na daɗe ina neman abin da zan yi maka, wannan ne ya zo hannuna, kuma da ƙyar na samo maka gurbi, mutane na layi.

Maganar murya kuwa, akwai hon a hannun hagu, ɗan jan maɓallin nan. Danna shi, akuyoyin Kpakungu za su san ka iso.

Ka ba shi wata guda kawai. In ka ce mini har lokacin ba ka so, ni ce zan zo in durƙusa. Amma na san ka, nan da wata guda kai za ka riƙa yi wa su Baba Andrawus yanga.

Jikarka,
Husna


Kpakungu, Minna

Husna,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Nna abinci ne ba ta ci sosai kwanan nan, ban da wannan ba komai.

Kin ce kin yi dariya. To madalla, tsoho ya zama abin dariya a ofis. Wata guda kika ce. Wa ya gaya miki ina da wata guda?

Na san hon. Ba jiya aka haife ni ba. Hon na kowa ne, ɗan acaɓa ma yana da shi. Ni ƙarar Mai Tari nake magana. Salansarsa ta taɓa hujewa, mai walda ya liƙe ta da gwangwanin madara, tun daga ranar yake da wata murya da ba babur ɗin da ke da irinta a Minna. Ya yi tari biyu, ya ja numfashi, sannan ya kama. Wannan kamfaninku bai iya ƙera shi ba.

Na je shagon wakilinku na nan. Na zauna tun hantsi har azahar, wata yarinya tana danna waya tana ce mini Baba sai Abuja. Na ce mata ni na san Minna tun jirgin ƙasa na cin gawayi, ta ce Allah ya ƙara lafiya. Ba zan yi wa farin ƙarya ba, yana hawan tudu da kaya bai yi nishi ba, kuma tun da ya zo ban taka gidan mai ba. Ki rubuta wannan a littafinku ku yi murna. Amma akwatin nan na zaure yana da wani koren ido da yake ƙyaftawa kamar na mage, ban son sa. Kuma faifanku ya sa rufina yoyo ta gefen gabas. Andrawus ya ce yoyon ya daɗe. Na ce masa rubutu aka ce ya yi, ba shaida ba.

Ku dangin Ndaman kullum ku kuka san abin da ya dace da mutum. Ba ku tambaya. Ku zo da alheri a hannu kamar sanda, in mutum ya ce wayyo ku ce butulu ne.

Ki saurara da kyau. Kin ce yana fili, ba a niƙa ba tukuna. To ki je da ƙafarki ki fito da shi. In kuɗin da aka yafe ne, a mayar da shi bashi a kaina, in biya da kifi har in mutu. Ba ni kaɗai nake nemansa ba. Akwai mai jiransa kullum da la'asar. Iyakar abin da zan ce ke nan. Andrawus ya ɗaga kai yana kallona, na ce ya mayar da idonsa kan takarda.

Kada ki bari ya kwana.

Ndaceko


Abuja

Baba,

Ka yi haƙuri da jinkiri. An tura ni Legas horo, na dawo da zazzaɓi, takardarka tana wajen mai gadin ofis kusan sati uku ban sani ba. Yanzu na warware. Na ba Yona zuma da maganin ƙarin jini ya kawo wa Nna.

Zan faɗa maka gaskiya, wannan karon ban yi dariya ba. Ban san kakana ba, ya rasu ina goye. Abin da ya shiga tsakaninku ban ci ba, ban sha ba. Ni dai na ga tsoho yana tura babur a rana da kumburarriyar gwiwa, na kasa barci. In wannan ne sanda, to Allah ya ga zuciyata.

Mai jiran nan kuma na gane shi. Zikrullahi ne ko? Tun ranar da na zo nake ganin yadda yake zagaya Mai Tari. Baba, so yake ya saya a hannunka da araha ya farke shi ya sayar da kayan. Kada ka bari ya zuga ka ka rabu da abin da zai riƙe ka shekaru saboda ɗan abin da zai ba ka.

Na yi magana da maigidanmu. Ya ce abin da ya shiga fili ba ya fita, an riga an soke lambarsa, an kai rahoto wa masu tallafi. Ban matsa ba, don ban ga dalilin da zan ba shi ba.

Amma na ji kukanka na murya. Akwai wata 'yar na'ura da ake sa wa masu so, tana ƙara muddin babur na tafiya. Na biya, yaronmu na Minna zai zo ya ɗaura maka, ya duba yoyon kuma. Ka ga an raba gardama.

Ka daina fushi da ni, don Allah.

Husna


Kpakungu, Minna

Husna,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Zuma ta iso.

An ɗaura abin. Yana kuka kamar tsuntsun da aka taka. Na sa an cire.

Ba Zikrullahi ba ne. Andrawus ya ajiye biro ya ce in ban faɗa miki ba yau, ba zai ƙara rubuta mini ko harafi ba. Matarsa Magdalene tana tsaye a kaina ita ma. Sun yi mini taron dangi, su da ba dangina ba. To ki ji.

Nnarki ce mai jiran.

Idonta kin san ya tafi da daɗewa. Abin da ba ki sani ba, bara hankalinta ya fara bin idon. Da farko gishiri take sa wa a koko. Sai ta fara kiran Magdalene da sunan yayarta da ta rasu tun muna Bida. Wata safiya na miƙa mata ruwan alwala, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, bawan Allah, maigidan ba ya nan, ka jira a waje. Ni, Husna. A ɗakin da na yi mata da hannuna.

Na yi magana, ba ta san muryar ba. Na kama hannunta, ta fizge. Ranar na fita Tagwai ban san inda nake sa ƙafa ba. Da la'asar na dawo, na karyo kwanar kwalbati, Mai Tari ya yi tarinsa, na ba shi wuta kamar yadda na saba. Ina shiga zaure sai na ji ta daga ciki tana cewa, ga shi nan, ga maigida, Magdalene miƙo buta. Ta taso tana lalube ta karɓi hulata. Ta ce ka daɗe yau. Ta yi mini faɗan warin kifi. Ta san ni har muka kwanta.

Tun daga ranar haka muke zaune. Gari ya waye ta manta ni. La'asar ta yi, Mai Tari ya dawo mata da ni. Duk wanda ya shigo bayan wannan ƙarar, shi ne mijinta. Ran da ba ni da fita, sai in tura shi a hankali ba tare da na tayar ba, har bayan kwalbati, sannan in tayar in hawo in dawo gidana kamar wanda ya yi tafiya. 'Yan unguwa sun ɗauka ni ne na fara taɓuwa. Ranar da kika zo gaisuwar Sallah, ba ki lura na ce ki zauna a zaure zan je sayo goro ba? Goro na cikin aljihuna. Zagayawa na yi na dawo don ta gaishe ki da hankalinta, sannan na ce miki tana hutawa.

Yanzu tun da mutanenki suka tafi da shi, kullum da la'asar sai ta sa a kai ta bakin zaure. Ta zauna ta karkata kunne wajen kwalbati. Ni kuma in sulalo a kan farin nan in tsaya a gabanta, taku biyu tsakaninmu, tana sauraren hanya ta bayana. In ce na dawo. Ta ce sannu bawan Allah, ko ka ga maigidana a hanya? Ba ta cin abinci sai ya dawo, haka ta saba tun tana amarya. Magdalene ke lallaɓa ta da ƙyar ta sha kunu.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na aro tsofaffin babura har huɗu. Kowanne ta ce ba shi ba ne, ɗaya ma ta ce wannan na mai gyaran rediyo ne, kuma nasa ne. Na sa Zikrullahi ya huda wata salansa ya liƙa gwangwanin madara. Ta saurara ta ce, wannan yaro ne, bai iya tari ba. Har da bakina na gwada, na tsaya bayan katanga ina kwaikwayonsa. Yaran unguwa suka taru. Wannan ban so a rubuta ba, Andrawus ya riga ya rubuta.

Za ki ce me ya hana ni faɗa tun farko. Ki tambayi manyan gidanku. 'Ya'ya biyar muka binne, ba wanda ya kai yaye. Kakarki, matar Ndaman, ita ta tsaya a tsakar gida a Bida ta ce Zuliha mayya ce, ita ke cinye su. Suka ce in sake ta. Na ɗauko ta muka taho Minna da tabarma ɗaya. Shi ya sa na rantse ba mai jin ta tana sambatu a cikin jinin Ndaman, su ce ai ga shi, alhaki ne ya kama ta. Ke ba ki ci ba, ba ki sha ba, na ji. Amma kunnenki ɗaya ne da nasu a wurina, sai yau.

Ga dalilin da kika ce ba ki da shi. Ki kai wa maigidanku. In yana so in zo in durƙusa masa da gwiwar nan, zan zo. Ba sai da taya ba, ba sai da lamba ba. Injin da salansar kawai. In ɗaure shi a bayan kwalbati in riƙa tayarwa.

Ban taɓa roƙon kowa a gidanku ba. Ina roƙon ki.

Ndaceko


Abuja

Baba,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san ta inda zan fara ba.

A tsaye na karanta takardarka a tasha, daga nan ban koma ofis ba, na hau mota zuwa filin. Baba, an niƙe layin su Mai Tari tun satin da ya wuce. Lokacin da nake rubuta maka maganar Zikrullahi yana nan da ransa. Da na je ranar, da na same shi.

Na roƙi masu aikin suka bar ni na shiga cikin tarin. Na yi ta juya ƙarafa ina neman salansa mai gwangwanin madara har hannuna ya fashe. Wani dattijo a cikinsu ya ce 'yata, motar da ta kwashi na ranar ta riga ta kai kamfanin narkawa. Na bi ta can ma. Sun nuna mini wuta.

Ka ce akwai mai jira, ni kuma na zauna ina yi maka wayo. Na ga Nna ranar Sallah, na ga yadda ka tsaya a tsakaninmu, ban tambaya ba. Ba zan ce ka yafe mini ba, ban kai nan ba tukuna.

Abin da kakata ta faɗa ban taɓa ji ba, kuma ba mai jin maganar Nna daga bakina.

Akwai likitar tsofaffi da na sani, ta yarda ta biyo ni Minna ƙarshen wata. Kuma ina tunanin wani abu. A bikin wani ko sunan wani a unguwa, ba mamaki akwai wanda ya ɗauki bidiyo Mai Tari yana wucewa. In an samu ko ɗan guntun ƙarar ne, zan sa a tace ta, in sayo lasifika a ɗaura wa sabon. Don Allah ka sa Baba Andrawus ya tambaya gida gida.

Ina zuwa, ko za ka kore ni.

Husna


Kpakungu, Minna

Husna 'yata,

Wa alaikumus salam. Ya hannun? Ki sa masa man kaɗanya. Mu nan da sauƙi, irin sauƙin da za ki ji.

Andrawus ya karanta mini takardarki sau biyu. Na tashi na yi alwala. Ƙarfe ne, daga wuta ya fito, wuta ya koma.

Maganar bidiyo ki bar ta. An ma samu. 'Yar Andrawus, Goodness, tana da shi a wayarta tun bikinta, ga ni ina wucewa a baya, tarin nan biyu ya fito tsaf. Sun kunna mini a ɗakinsu, ƙofa a rufe. Na ce su kashe. Na ce kada wanda ya kuskura ya kunna shi kusa da katangata. Bari ki ji dalili.

Kafin takardarki ta iso, wata la'asar ana yayyafi, Nna na zaune a bakin zaure yadda ta saba. Sai ta ce, Magdalene, ku daina ɓoye mini. Ruwa ne ya ci shi ko mota? Magdalene ta ce haba Nna, ga shi nan tsaye a gabanki. Ta ce a'a. Mai rai yana dawowa gidansa. Shekara nawa bai taɓa kwana a waje ba. Ba ta yi ihu ba. Ta yi salati, ta ce a kama ta a kai ta ɗaki. Ta cire 'yan kunnenta ta ba Magdalene, ta sa aka tsefe mata kai, ta nemi tsohon zane marar ado ta ɗaura.

Takaba take yi mini, Husna.

Na je wurin liman a guje, ban ko sa hula ba. Ya ce aurenku na nan daram, ita kuma an ɗauke mata alƙalami, ka bar ta da abin da ya kwantar mata da rai. Na ce malam, ina raye? Ya ce to ka je ka gaya mata. Na juyo gida.

Ga abin da ya sa na hana bidiyon. Tun ranar da ta binne ni ta daina zaman zaure. Tana cin tuwo. Tana barci har da minshari. Kumatunta sun fara dawowa. Jiran ne yake cinye ta, yanzu ba ta jiran kowa. In na kunna mata ƙarar nan yau ta tashi da murna, gobe waya ta lalace, ko Goodness ta koma gidan mijinta, ko kunnen nan nata da ya gane babur ɗin mai gyaran rediyo ya gane lasifika ce, sai in sake mutuwa a hannunta. Sau ɗaya ya ishe ta.

Na kwashe shimfiɗata na koma zaure, ƙarƙashin akwatinku mai koren ido. Mun saba da juna. Kullum na dawo daga Tagwai sai in wanke hannu da toka saboda warin kifi, in yi sallama a ƙofar ɗakinta, in ce na zo ta'aziyya. Ta ce shigo daga nan bakin ƙofa. In ce ya haƙuri? Ta ce haƙuri sai ma'aiki. In ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin. Ni nake roƙa wa kaina rahama, ita tana amsawa.

Ta tambaye ni ko na san shi. Na ce sama sama. Ta ce ai ba ka yi asara ba, mutum ne mai taurin kai kamar jakin da ya ga gada, in ya riƙe mutum a zuciya har kabari. Magdalene ta toshe baki ta fita. Sai Nna ta ce, amma kullum sai ya kawo kifin da ya fi kowanne girma ya jefa mini ya ce wannan ya ƙi sayuwa. Yana tsammanin ban san tun a bakin ruwa yake ware shi ba. Ta ce da aka ce ya sake ni, tabarma kawai ya naɗe ya ce tashi. Ta ce ban taɓa yi masa godiya ba, kunya ta hana, yanzu ga shi. Shekarun nan duka ban taɓa jin wannan ba. Sai da na mutu.

Ki zo da likitar, ba na hanawa. Ke ma ki zo, ba mai korar ki. Laifin nan in an raba shi, kason da ya fi girma nawa ne, na bakin da ya ƙi buɗewa. Amma kada ki ɗauka na yafe wa kakanki gonar. In kin zo ki cire ɗan kunne da jan baki kafin ki shiga wurinta, ki yi mata gaisuwa yadda ake yi wa mai takaba. Kada ki yi kuka da ƙarfi.

Saura magana ɗaya. Andrawus ya ce wannan ba ta takarda ba ce, na ce biro nasa ne, baki nawa.

Jiya na ga ta sake, har tana dariya, sai na ce bari in gwada. Na ce, baiwar Allah, kwanakin nan za su ƙare wata rana. Mace ba ta zama ita kaɗai. Akwai wani dattijo a unguwar nan, yana da sana'a, yana da rufin asiri, ba ya son hayaniya.

Ta gyara mayafi. Ta ce, bawan Allah, ka ji tsoron Allah, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. Kuma ko ta bushe, ka gaya wa dattijon ya nemi wata. Ni na yi aurena na gama. Bayan Ndaceko ba wani.

Na tashi ina neman takalmina, ban gan shi ba, alhali yana ƙafata. Har na kai ƙofa ta kira ni. Ta ce kada ka ji haushi ka ƙi dawowa gobe. Zuwanka yana rage mini dare. Muryarka ma ta ɗan yi kama da tasa, sai dai shi bai kai ka taushin magana ba.

Gobe in Allah ya kai mu zan koma.

Babanki,
Ndaceko